AMANAR JARIRI A SHIMFIƊAR IYAYENSA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya dare ya zama sutura, barci kuwa ya zama hutu ga bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani al'amari da yake aukuwa kowane dare a kusan kowane gida na ƙasar Sarkin Yamma da sauran garuruwan gundumar Madarunfa, wato kwanciyar jariri a shimfiɗa ɗaya da mahaifiyarsa, wani lokaci har da mahaifinsa. Abu ne da muka tashi muka tarar, kuma akwai alheri mai yawa a cikinsa. Sai dai akwai haɗarin da ba kowa ya san da shi ba, wanda kan sa a wayi gari a tarar da yaro lafiyayye ya cika, ba ciwo ba jinya. Muna roƙon magidanta da suka karɓi wannan takarda a masallaci su kai ta cikin gida, a karanta wa matan aure da kakanni, domin su ne a bakin aikin.

MATSAYIN AL'AMARIN A SHARI'A

Imamul Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya kamanta kowane ɗayanmu da makiyayi wanda za a tambaya game da abin kiwonsa, ya ambaci namiji a kan iyalinsa, ya ambaci mace a kan gidan mijinta da ƴaƴansa. Babu abin kiwo mai rauni kamar jariri ɗan wata biyu, wanda ba ya iya ɗaga kansa daga matashi, ba ya iya ture bargo daga fuskarsa, sau da yawa ma ba ya samun ikon yin kukan da zai tayar da uwarsa.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan mas'ala ba. A mazhabar Imamu Malik, wadda muke bi a wannan ƙasa, idan ya tabbata cewa mace ta danne ɗanta cikin barci har ya rasu, ana lissafa abin a babin kisan kuskure wanda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta yi bayani: akwai diyya a kan danginta, akwai kuma kaffara a kanta, wadda a wannan zamani da babu bayi ita ce azumin wata biyu a jere. Zunubin ganganci ba ya kanta, domin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya nuna an ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka. Amma wajabta kaffara ya ishe mu gane cewa shari'a ba ta ɗauki ran jariri abin wasa ba, kuma tana son mu yi hattara tun kafin barci ya ɗauke mu. Mai barci ba shi da iko da kansa. Ikonsa yana a lokacin da yake gyara shimfiɗa idonsa biyu, nan ne kuma nauyin yake.

Wani zai ce ai rai da ajali na Allah ne. Wannan gaskiya ne, babu Musulmin da yake shakkarsa. Amma Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Gyaran shimfiɗar jariri shi ne ɗaurin raƙumarmu a wannan babi.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Likitoci sun daɗe suna bincike kan mutuwar fuju'a da take afka wa jarirai cikin barci. Sun gano ta fi yawa tsakanin wata 2 zuwa wata 4 da haihuwa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 tana aukuwa ne kafin yaro ya cika wata 6. A da, a ƙasashen Turawa, ana kwantar da jarirai rub da ciki. Da aka gane haɗarin haka, sai Ingila ta soma gangamin kwantar da su rigingine a 1991, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi kan kwanciyar rub da ciki a 1992, aka kuma yi babban gangami a can a 1994. Cikin shekarun da suka biyo baya, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a Amurka, ba da wani magani ko allura ba, da sauya kwanciya kawai.

Ita wannan ƙungiya ta Amurka, a shawararta ta 2022, ta fi son jariri ya kwana a ɗaki ɗaya da iyayensa amma a nasa gadon, aƙalla wata 6 na farko. A Ingila kuwa, masu bincike na jami'ar Durham da reshen UNICEF na can sun lura cewa mafi yawan mata masu shayarwa barci yakan ɗauke su tare da jariransu ko sun yi niyya ko ba su yi ba, saboda haka suka ga ya dace a koya wa kowace uwa yadda za ta gyara gadonta, a kuma bayyana mata halayen da haɗa shimfiɗa ba ya dacewa ko kaɗan.

HALIN DA MUKE CIKI

Halin gidajenmu ya bambanta da na waɗancan ƙasashe ta fuska biyu. Ta farko ita ce sauro. Ƙasarmu tana makwabtaka da Gulbin Maraɗi da fadamunsa da tafkin Madarunfa, kuma kowa ya san yadda zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara daga tsakiyar damina zuwa kaka. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa wata-wata cikin damina, wanda aka soma a Nijar a 2013, ana ba da shi ne ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Ke nan jaririn da bai kai wata 3 ba, ba shi da garkuwa sai sange mai magani, irin wanda aka soma rabawa a faɗin ƙasa tun watan Disamba na 2005. A gidan da sange ɗaya ne, raba jariri da uwarsa a fitar da shi waje da sangen guje wa haɗari ɗaya ne a faɗa wani.

Fuska ta biyu ita ce shayarwa. Allah (SWT) Ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun 2001 take kira da a ba jariri nono zalla, ko ruwa ba a haɗa ba, har wata 6. Uwar da ɗanta yake kusa da ita ta fi samun sauƙin shayar da shi cikin dare, kuma bincike ya nuna shan nono kansa yana rage haɗarin mutuwar fuju'a. Don haka ba mu ce a kori jarirai daga kusa da iyayensu mata ba. Abin da muke kira gare shi shi ne a gyara shimfiɗar, a kuma san daren da ya wajaba a raba.

YADDA ZA A GYARA SHIMFIƊA

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya umurci wanda zai kwanta ya kakkaɓe shimfiɗarsa, domin bai san abin da ya hau ta a bayansa ba. Wannan sunna tana kare mu daga kunama da ƙwari, kuma dama ce ta duba waɗannan abubuwa kowane dare:

1. A kwantar da jariri rigingine, dare da rana, har ya cika shekara. Wasu iyaye suna tsoron kada ya yi tumbiɗi ya shaƙe. Amsa ita ce, idan yaro yana rigingine, maƙogwaron numfashi yana sama da hanyar abinci, sai abin da ya taso ya koma ciki ko ya fita ta gefen baki. Idan ya girma har yana juyawa gaba da baya da kansa, a ci gaba da ajiye shi rigingine, amma ba sai an tashi ana mayar da shi ba.

Akwai mai tambaya: ashe kwanciya a gefen dama ba ita ce sunna ba? Ita ce, kamar yadda ya zo a hadisin Bara'u ɗan Azib (RA). Amma wannan ladabi ne ga wanda yake mallakar jikinsa. Jariri ba mukallafi ba ne, kuma idan aka ajiye shi a gefe yakan gangara ya kife, ya koma kwanciyar rub da ciki, wadda hadisin Abu Dawuda ya nuna abin ƙi ce ko ga babba. Idan ya yi wayo sai a koya masa sunnar.

2. Shimfiɗa ta zama mai tauri, a baje. Tabarma da zane a kanta, ko katifa mai ƙarfi, sun fi tsohuwar katifar soso da ta lotsa a tsakiya, domin nauyin babba yakan yi rami, jariri ya gangaro cikinsa ya manne da jikin uwarsa ko ubansa. Haka katifar auduga ko ta rimi mai laushin da fuska take nutsewa ciki.

3. A nisanta matashin kai da bargo mai nauyi da tarin zannuwa daga inda kan jariri yake. Jariri ba ya bukatar matashi. Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari, a sa ta ƙarƙashin zane a cusa bakinta da kyau, kada a bar ta a sake kusa da fuskarsa.

4. A toshe duk wani giɓi tsakanin katifa da bango, ko tsakanin katifa da ƙarfen gado, inda yaro zai iya zamewa ya maƙale. Idan gadon mai tsawo ne kuma ana tsoron faɗuwa, saukar da katifa ƙasa ya fi a kewaye yaro da matasai.

5. A ɗaure sange ya miƙe sosai, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane gefe, kada ya yi lanƙwasa ya sauko kan fuskar yaro, kada kuma jikin yaron ya jingina da shi sauro ya cije shi ta waje. Wannan ya haɗa da kwanan tsakar gida lokacin bazara.

6. Jariri ya kwanta a gefen mahaifiyarsa, ba tsakaninta da maigida ba, domin mai shayarwa ta fi kowa jin motsin ɗanta. Masu binciken Durham sun lura cewa mai shayarwa takan kwanta a gefenta tana fuskantar yaron, hannunta na ƙasa yana sama da kansa, gwiwoyinta a lanƙwashe ƙarƙashin ƙafafunsa. Wannan kwanciya tana hana ta mirginawa kansa, tana kuma hana shi hawa sama cikin matashi. Idan ya gama shan nono a mayar da shi rigingine.

7. Kada yayyensa su kwanta kusa da shi. Yaro ɗan shekara biyu ko uku barcinsa yana da nauyi, yana shure-shure, bai san yana danne kowa ba. Idan dole ne su shiga sange ɗaya, uwa ta raba tsakani da jikinta.

8. Kada a bar igiya a wuyan jariri lokacin barci, ta laya ce ko ta ado, domin tana iya sarƙewa da yatsan babba ko da zaren sange.

DAREN DA YA WAJABA A RABA SHIMFIƊA

Akwai halaye da likitocin ɓangarorin biyu suka haɗu a kan cewa haɗarinsu ya yi yawa. Na farko, idan ɗaya daga cikin iyaye yana shan taba, ko da a waje yake sha, ko uwar ta sha lokacin da take da ciki. Na biyu, idan ɗayansu ya sha abin da yake nauyaya barci: giya, ko tramol da sauran ƙwayoyin da suka addabi matasanmu, ko ma maganin likita na halal, kamar wasu magungunan mura da tari masu sa gyangyaɗi. Kayan maye haramun ne a kowane hali, amma a nan haramcin ya haɗu da jefa rai cikin halaka. Na uku, idan jaririn bakwaini ne, ko an haife shi bai kai kilo biyu da rabi ba. Irin wannan yaro yana bukatar ɗumin ƙirjin uwarsa, amma bisa tsarin da ungozomar likita za ta koya mata, ba a sake shi cikin gado tsakanin manya ba. Na huɗu, idan uwa tana fama da zazzaɓi ko gajiya mai tsanani wadda ba za ta ji motsinsa ba. Na biyar, barci da jariri a kan kujerar kushin, wanda ya fi duk sauran haɗari, domin yaro yakan zame ya shige tsakanin jikin babba da kujerar.

A irin waɗannan darare sai a yi wa yaro tasa ƴar shimfiɗa mai tauri dab da ta uwarsa, inda hannunta zai kai gare shi, a cikin sange. Mutanen Mawori na ƙasar Niyu Zilan, waɗanda su ma al'adarsu ce kwana da jarirai, sun farfaɗo da saƙa wani kwando mai shimfiɗaɗɗen gindi da gajeren baki, ana ajiye shi a kan gadon iyaye, jariri yana ciki, yana kusa amma yana da iyakarsa. Mu da muke da masu saƙar kaba a kowane ƙauye, wannan dabara ba ta fi ƙarfinmu ba, muddin gindin ya zama a baje, mai tauri, ba matashi a ciki.

WUTA DA ZAFI LOKACIN ƊARI

Abu Musal Ash'ari (RA) ya ba da labarin wani gida da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW), sai ya bayyana cewa wuta abokiyar gaba ce, ya yi umurni a kashe ta idan za a kwanta. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. A watannin Disamba da Janairu da yawanmu mukan shigar da kaskon garwashi ɗaki mu rufe ƙofa da taga. Bayan haɗarin gobara, garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci ya yi nauyi har mutum ya kasa farkawa, kuma jariri ne yake fara jikkata. A ɗumama ɗaki tun da sauran ido biyu, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Haka fitila da maganin sauro mai hayaƙi, a nisanta su daga sange.

Zafi mai yawa shi ma yana cikin abubuwan da suke jawo mutuwar fuju'a. Mai jego da take kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta kada ta hau da jaririnta. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan gashi da kunun kanwa da ciwon zuciyar da yake kama wasu masu jego, to abin da ya wahalar da zuciyar babba, ina ga ɗan kwana goma? A sa wa yaro tufa ɗaya fiye da abin da babba ya sa, a bar fuskarsa da kansa a buɗe a cikin ɗaki. Mai son sanin ko yaro ya ji ɗumi ya taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, domin tafin hannu da na ƙafa sukan yi sanyi ko yaro yana lafiya. In an ji gumi, a rage tufa. In kuwa yaro ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙwarai, ko numfashinsa ya yi sauri, to a kai shi gidan likita mafi kusa ba tare da jiran safiya ba.

NAUYIN DA YAKE KAN MAIGIDA

Ayar shayarwa da muka ambata ta ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uban yaro, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Sayen katifa mai kyau ko sabuwar tabarma, da ƙarin sange don yayye su sami nasu, da barin taba, duk aikin maigida ne. Haka rage wa mai jego wahala. Matar da ta wuni tana daka da ɗiban ruwa da aikin gona, ta kwana tana shayarwa, barcinta zai zama kamar na wanda ya sha magani. Manzon Allah (SAW) yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausaya wa uwarsa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. In an taƙaita salla saboda mai goyo, rage mata aikin gida ya fi sauƙi.

Idan matarka ta tafi wankan gida wurin iyayenta, ka kai wannan bayani can cikin ladabi. Kakanni mata su ne malaman jego, kuma idan suka karɓi magana ta zauna. A tuna musu cewa kaka ko ƙanwar uwa da ba ta shayarwa ba ta jin motsin jariri kamar mai shayar da shi, saboda haka in za ta karɓe shi don uwar ta huta, ta ajiye shi a tasa shimfiɗar kusa da ita.

IDAN ƘADDARA TA AUKU

Wani lokaci iyaye sukan kiyaye duk abin da muka lissafa, amma Allah Ya karɓi abinSa. Likitoci da kansu sun tabbatar cewa akwai jariran da suke rasuwa cikin barci ba tare da kowa ya danne su ba. Saboda haka bai halatta a tuhumi uwa da kashe ɗanta bisa zato ba, balle a ɗora wa kishiya ko wata tsohuwa maita, abin da ya sha raba zumunta a garuruwanmu. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hane mu yawan zato. Hukuncin kaffara yana bin tabbas ne, don haka wadda abin ya dame ta ta je wurin malami masanin fiƙihu, ita da mijinta, ta faɗi yadda ta tarar da yaron, a ba ta fatawa a asirce. Sauran jama'a kuwa aikinsu ta'aziyya ne da tausasawa. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu yana ƙaramin yaro, bai kuwa furta abin da zai saɓa wa Ubangijinsa ba.

Muna kira ga limamai da masu wa'azi su ambaci wannan darasi a wuraren suna, inda maza suke taruwa rana ta bakwai, malamai mata kuma su karantar da shi a makarantun Islamiyya na matan aure. Bayan an gyara shimfiɗa, a nema wa yaro tsarin Allah da addu'ar da Manzon Allah (SAW) yake yi wa Hasan da Husaini (RA), wadda take cikin Sahihul Bukhari; wanda bai haddace ta ba ya tambayi limaminsa.

Allah Ya raya mana zuriyarmu bisa Musulunci, Ya ba masu jego lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa ƴaƴan da muka rasa su zama masu ceto gare mu ranar gobe ƙiyama. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.